Van der Waals: Ɗan kafinta da ya gano yadda gas ke komawa ruwa

Johannes Diderik van der Waals, masanin fiziks ɗan ƙasar Holan wanda ya rayu daga 1837 zuwa 1923, shi ne mutum na farko da ya bayyana da lissafi yadda gas ke komawa ruwa, ruwa kuma ya koma gas, da dalilin da ya sa hakan ke faruwa. Wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1910. Kafin ya kai can, dokar ilimi ta ƙasarsa ta shafe shekaru tana tare masa ƙofar jami'a, saboda bai karanta Latin da Girkanci ba, harsuna biyun da a zamanin ake ɗauka a matsayin sharaɗin zama mai ilimi. Sai da ya cika shekara 35 kafin ya riƙe digirin da 'ya'yan masu hali ke samu tun suna samari.

Tasowarsa

An haife shi ranar 23 ga Nuwamban 1837 a birnin Leiden. Mahaifinsa, Jacobus van der Waals, kafinta ne, sunan mahaifiyarsa kuma Elisabeth van den Berg. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Leiden gari ne mai tsohuwar jami'a da aka kafa tun 1575, amma hanyar shigarta ta bi ne ta makarantun da ake koyar da Latin da Girkanci, kuma ba kasafai 'ya'yan masu sana'ar hannu ke kaiwa can ba. Abin da Johannes ya samu shi ne firamare da ɗan ƙarin karatu a kanta, ya kammala yana ɗan shekara 15.

Daga nan ya shiga koyon aikin malanta a makarantar firamare. Tsakanin 1856 da 1861 ya riƙa ɗaukar darussa yana zana jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, har ya samu takardar shaidar malamin firamare, sannan ta hedimasta. A 1862 ya fara zuwa laccocin lissafi da fiziks da ilimin taurari a Jami'ar Leiden, ta wata ƙaramar kafa da aka bar wa mutanen waje: suna iya sauraron darussa kaɗan a shekara, amma ba su da izinin zana jarrabawar digiri.

A 1863 gwamnatin Johan Thorbecke ta kafa wani sabon tsarin makarantun sakandare da suka ba lissafi da kimiyya da harsunan zamani muhimmanci. Makarantun na neman malamai, don haka van der Waals ya yi shekara biyu yana karatu bayan tashi daga aiki, ya ci jarrabawar koyar da lissafi da fiziks. Ya fara koyarwa a garin Deventer, ya auri Anna Magdalena Smit a 1865, sannan a 1866 ya samu aiki a birnin Hague. Da yake Hague na kusa da Leiden, ya ci gaba da leƙa laccocin jami'a.

Ana cikin haka aka yi wa dokar shiga jami'a kwaskwarima, aka ba ministan da ke kula da ilimi ikon ɗauke wa mutum sharaɗin harsunan nan biyu. Van der Waals ya samu wannan sassauci, ya zana jarrabawar da a baya aka hana shi, ya ci.

Tambayar da ta gagari masana

Kowa ya san abu guda kan kasance a yanayi uku. Ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururi ya taɓa murfin tukunya mai sanyi ya sake zama ruwa. Haka lamarin yake ga sauran abubuwa: akwai sandararren yanayi, akwai yanayin ruwa-ruwa irin na fetur ko zaiba, akwai kuma yanayin gas. Bayanin da kimiyya ta tsaya a kai shi ne cewa kowane abu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A sandararren abu, kowace ƙwaya na tsaye a gurbinta tana karkarwa. A abu mai ruwa-ruwa, ƙwayoyin na manne da juna amma suna zamewa. A gas kuwa sun yi wa juna nisa, kowace na gudun kanta. Shi ya sa lita ɗaya ta ruwa, idan ta tafasa ta zama tururi, take mamaye wurin da ya ninka nata kusan sau 1,700.

A zamanin ƙuruciyar van der Waals, rabin wannan bayani kawai aka fahimta. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsin da ke kan gas sau biyu, wurin da ya mamaye kan ragu zuwa rabi, muddin zafinsa bai canza ba. A 1857 Bajamushe Rudolf Clausius ya bayyana cewa matsin gas ba komai ba ne illa dukan da ƙwayoyinsa ke yi wa bangon mazubi, zafi kuma saurin gudun ƙwayoyin ne. Wannan maƙala ta Clausius ce ta fara jan hankalin van der Waals zuwa fagen. Sai dai lissafin da aka gina a kan wannan fahimta ya ɗauki ƙwayoyin a matsayin ɗigo marasa jiki, waɗanda ba ruwan wata da wata. Gas irin wannan, ko nawa aka matsa shi, ba zai taɓa zama ruwa ba.

Gwaji kuma ya nuna akasin haka. A 1823 Michael Faraday ya mayar da iskar kulorin ruwa, daga baya ya yi haka da wasu gas ɗin da dama. Amma oksijin da naitirojin da haidurojin sun ƙi, ko da an ɗora musu matsin da ya ninka na iskar duniya sau dubbai, har aka laƙaba musu sunan gas na dindindin. A 1869 Thomas Andrews, malami a birnin Belfast, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da iskar kabon dayoksaid a cikin bututun gilashi. Ya ga cewa idan zafin bai kai digiri 31 a ma'aunin Salshiyos ba, matsi na sa ruwa ya taru a ƙasan bututun, a ga layi ƙarara tsakaninsa da gas ɗin da ke sama. Da zarar zafin ya haura digiri 31, layin kan ɓace, kuma babu matsin da zai dawo da shi. An ga abin da ido, amma babu wanda ya iya faɗin dalilinsa.

Kundin 1873

Ranar 14 ga Yunin 1873, van der Waals ya kare kundin digirinsa na uku a Leiden ƙarƙashin kulawar Farfesa Pieter Rijke. Taken kundin na magana ne a kan ɗorewar yanayin gas da na ruwa, wato cewa su biyun abu guda ne da ke miƙewa daga wannan zuwa wancan.

Gyara biyu ya yi wa tsohon lissafin. Na farko, ƙwayoyi suna da jiki, komai ƙanƙantarsa, don haka filin da ya rage musu na yawo shi ne girman mazubin bayan an cire wurin da jikkunansu suka cinye. Wannan ne ya sa ake iya matse gas cikin sauƙi, amma ruwa ya gagara, domin ƙwayoyinsa sun riga sun cika wurin. Na biyu, ƙwayoyi suna jan juna. Ƙwayar da ta doshi bango, 'yan uwanta da ke baya na janyo ta, sai ƙarfin dukanta ya ragu, matsin da ake aunawa ya gaza wanda tsohon lissafi ya yi hasashe. Gwargwadon cunkoson ƙwayoyin, gwargwadon ƙarfin wannan ja. Ya ba girman ƙwayoyin harafin b, ya ba ƙarfin jan harafin a, kuma kowane irin gas yana da nasa a da b.

Da waɗannan haruffa biyu, lissafi guda ya ɗauki gas da ruwa baki ɗaya, kuma abin da Andrews ya gani ya fito daga cikinsa da kansa. Sauyin yanayi kokawa ce tsakanin gudun ƙwayoyi, wanda zafi ke ƙarawa, da jan da suke yi wa juna. Idan zafi ya yi ƙasa, matsi na kusanto da ƙwayoyin har jan ya riƙe su, su dunƙule su zama ruwa. Idan zafi ya wuce wani mataki, gudun ya fi ƙarfin jan, ko an cusa su wuri guda ba za su rabu gida biyu ba. Wannan mataki shi ne zafin iyaka, kuma kowane abu da nasa: na ruwan sha digiri 374 ne, na kabon dayoksaid digiri 31, na oksijin kuwa kusan digiri 118 ƙasa da sifiri. Ashe gas na dindindin ba su da wata dindindin, sanyin da suke bukata ne ba a kai ba.

Kundin ya kuma nuna cewa ana iya ɗaukar gas a kai shi yanayin ruwa ba tare da an ga ɗigo ko layin rabuwa ba: a ɗumama shi ya haura zafin iyaka, a matse shi sosai, sannan a sanyaya shi. Daga adadin b kuma, van der Waals ya ƙiyasta girman ƙwayoyin da babu wanda ya taɓa gani.

An rubuta kundin da harshen Holan, wanda masana kaɗan ne a waje ke ji. Duk da haka ya isa hannun James Clerk Maxwell, babban masanin fiziks na Birtaniya, wanda ya yi sharhinsa a mujallar Nature a 1874. Maxwell ya soki wasu matakai na lissafin, amma ya yi hasashen cewa sunan marubucin zai shiga sahun gaba a wannan fanni. Ya kuma lura cewa aikin ya sa wasu masu bincike sun koma koyon harshen Holan. Mutumin da aka tsare a ƙofa saboda rashin harsunan wasu, shi ne ya sa wasu neman nasa harshen. An fassara kundin zuwa Jamusanci a 1881.

Amsterdam da doka ta biyu

A 1875 aka zaɓe shi mamba a Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Holan, yana malamin sakandare. Dokar ilimi mai zurfi ta 1876 ta ɗaga tsohuwar kwalejin Amsterdam zuwa jami'a, kuma a 1877 aka naɗa shi farfesan fiziks na farko a can. Cikin abokan aikinsa akwai Jacobus van 't Hoff, wanda ya fara karɓar Nobel a fannin sinadarai a 1901, da masanin tsirrai Hugo de Vries. A Amsterdam ya zauna har ya yi ritaya.

A 1880 ya fitar da aikinsa na biyu mafi girma, dokar daidaiton yanayi. Ma'anarta ita ce: idan aka auna zafi da matsi da girman kowane abu da mizanin iyakarsa, wato a ce rabin zafin iyakarsa ko ninkinsa biyu, sai a tarar duk abubuwa na bin hanya kusan iri ɗaya. Amfanin wannan a aikace babba ne. Mai bincike na iya auna halin wani gas a sanyin da ya iya kaiwa, ya kwatanta shi da wanda aka riga aka sani, ya hango a wane sanyi zai zama ruwa tun kafin ya kashe kuɗi wajen ƙera injin da zai kai shi can.

Shekara guda bayan haka, a 1881, matarsa Anna ta rasu sakamakon tarin fuka tana da shekara 34, ta bar masa 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya. Bai sake aure ba. Rashin ya girgiza shi ƙwarai, har ya yi kusan shekara goma ba a ga wani babban aiki daga gare shi ba, ko da yake ya ci gaba da koyarwa. Ya dawo a 1890 da nazari a kan gaurayen abubuwa biyu, yadda suke cakuɗuwa da yadda suke rabuwa tsakanin gas da ruwa. A 1893 ya biyo da nazari a kan fatar saman ruwa, inda ya nuna cewa iyakar ruwa da tururinsa wani siririn yanki ne da kauri ke raguwa a cikinsa sannu a hankali. Daga 1896 zuwa 1912 ya riƙe muƙamin sakataren Cibiyar Kimiyya.

Tseren neman sanyi

Yayin da yake lissafi a kan takarda, wasu na gwaji a ɗakunan bincike. A ƙarshen 1877 Louis Cailletet a Faransa da Raoul Pictet a Geneva, kowa da nasa gwajin, sun ga oksijin ya yi hazo na ɗan lokaci. A 1883 Zygmunt Wróblewski da Karol Olszewski suka tara ruwan oksijin da na naitirojin a birnin Krakow. A 1898 James Dewar ya mayar da haidurojin ruwa a Landan, a sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri. Saura hiliyom, wanda ya fi kowane gas taurin kai.

Wanda ya karya shi abokin van der Waals ne, Heike Kamerlingh Onnes, farfesa a Leiden, wanda ya gina ɗakin bincikensa domin gwada ka'idojin abokin nasa. Da taimakon dokar daidaiton yanayi ya ƙiyasta zafin iyakar hiliyom, ya tabbatar cewa ruwan haidurojin zai iya fara sanyaya shi yadda ake bukata. Ranar 10 ga Yulin 1908 ya samu ruwan hiliyom a kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. A cikin wannan sanyi ne, a 1911, ya gano cewa zaiba kan bar lantarki ya wuce ba tare da wata tirjiya ba. A kan wannan hali ake gina manyan maganaɗisun na'urar hoton jiki ta MRI, waɗanda galibinsu da ruwan hiliyom ake sanyaya su.

A 1908 ɗin van der Waals ya yi ritaya yana da shekara 70, ɗansa mai sunansa ya zama farfesan fiziks a jami'ar. A tsawon shekarun aikinsa, akwai manyan masana irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald da ke ganin ƙwayoyin zarra dabarar lissafi ce kawai, ba abu ne mai wanzuwa ba. Ludwig Boltzmann na Ostiriya, wanda ya fi kowa fafatawa da su, ya keɓe wani babban sashe na littafinsa na 1898 ga ka'idar van der Waals, amma ya mutu a 1906 kafin a yanke hukunci. Lissafin Albert Einstein na 1905 da gwaje-gwajen Jean Perrin na 1908 da 1909 a kan rawar ƙananan ɓurɓushi a cikin ruwa ne suka rufe gardamar. Da van der Waals ya tsaya gabatar da laccarsa ta Nobel a Disambar 1910, ya bayyana cewa bai taɓa shakkar wanzuwar ƙwayoyin ba tun farkon aikinsa. Bai kuma ɓoye cewa lissafinsa na da giɓi ba, domin adadin da yake bayarwa ba ya dacewa daidai da na gwaji idan ƙwayoyi suka cunkushe, kuma ya kwashe shekaru yana neman gyara wannan.

Abin da ya bari

Waɗanda suka zo bayansa sun ɗora a kan tubalinsa. Lissafin Redlich da Kwong na 1949 da na Peng da Robinson na 1976, waɗanda injiniyoyin man fetur da gas ke amfani da su a yau, gyare-gyare ne na tsarin a da b. Tasirin zafin iyaka kuma a bayyane yake a harkar gas ta Najeriya. Gas ɗin girki haɗin furofen da buten ne, waɗanda zafin iyakarsu ya kai kusan digiri 97 da 152, don haka matsi kaɗai ya isa ya mayar da su ruwa ko a tsakiyar bazara. Shi ya sa ake jin motsin ruwa idan aka girgiza tukunyar gas, kuma shi ya sa ba a cika ta maƙil, domin ruwan na kumbura idan ya ɗumama. Gas ɗin ƙarƙashin ƙasa kuwa yawancinsa mitan ne, mai zafin iyaka kusan digiri 83 ƙasa da sifiri. Wanda ake ɗura wa motoci da sunan CNG yana nan a matsayin gas duk da tsananin matsin da ke kansa. Kafin a loda shi a jirgin ruwa daga tsibirin Bonny na Jihar Ribas, inda aka fara fitar da shi a 1999, sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, girmansa ya ragu kusan sau 600.

Shi kansa jan da ke tsakanin ƙwayoyi, van der Waals ya tabbatar da samuwarsa ne ba tare da sanin tushensa ba. Sai a 1930 Fritz London ya bayyana asalinsa daga motsin lantarki a cikin ƙwayar zarra. Har yau da sunan van der Waals ake kiran wannan ƙarfi, kuma bincike a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa da shi tsaka ke manne ƙafafunta a bango.

Ya rasu a Amsterdam ranar 8 ga Maris 1923 yana da shekara 85, shekara guda bayan rasuwar 'yarsa Jacqueline, wadda ta yi suna a rubutun waƙa. Kafin rasuwarsa ya ga amfanin tsarin makarantun da ya koyar a cikinsu: van 't Hoff, Hendrik Lorentz, Pieter Zeeman da Kamerlingh Onnes duk ta sababbin sakandaren 1863 suka bi, kuma dukansu sun karɓi Nobel tsakanin 1901 da 1913. Ya kuma ga ƙarshen sharaɗin da ya tsare shi. A 1917, yana da shekara 79, Holan ta yi dokar da ta ba ɗaliban waɗannan makarantu damar shiga jami'a su karanta kimiyya da likitanci kai tsaye, ba tare da Latin ko Girkanci ba.